Rigar da ke kan igiya

Laraba, ƙarfe 11 na dare.

Sai yanzu Inna ta samu barci, shi ya sa na ɗauki waya in rubuta tun abin yana da zafi a raina.

Bayan isha'i aka ɗauke wuta. Inna ta fita tsakar gida ɗauko buta, sai na ji salati da ƙarfi, buta ta faɗi. Na fito a guje, na tarar jikinta sai ɓari yake, tana nuna wajen rijiya: "Ga shi nan! Mutum ne a tsaye!" Na haska fitilar waya. Babbar rigar Baba ce da na shanya da la'asar na manta ban kwashe ba, iska na kaɗa ta.

Na ce, "Inna, riga ce fa."

Ta ce, "Auta, na ga kansa, na ga kafaɗunsa."

Na kuwa san ba ƙarya take yi ba. Tun daren da ɓarayi suka hauro mana katanga da damina, ko kyanwa ta taka kwanon rufi sai Inna ta zabura. Ni da na shanya rigar da hannuna, riga na gani. Ita kullum dare zuciyarta tana jiran ɓarawo, da ido ya kawo mata baƙin abu dogo yana motsi, sai tsoro ya ƙarasa masa kai da kafaɗu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Abin da ya fi taɓa ni, da safen nan a aji malaminmu na ilimin halayyar ɗan Adam ya kawo mana binciken da Jerome Bruner da Cecile Goodman na jami'ar Harvard a Amurka suka wallafa a 1947. Sun tara yara 'yan shekara 10, aka ba kowane wani abin murɗawa da ke ƙara ko rage faɗin da'irar haske, aka ce ya daidaita ta da girman sulen da aka nuna masa. Yaran sun ƙara wa kuɗin girma, amma 'ya'yan talakawa sun fi na masu hali ƙarawa nesa ba kusa ba. Waɗanda aka ba faifan kwali a maimakon kuɗi kuwa, awonsu ya yi kusa da daidai. Wato buƙata ma tana shiga cikin gani. Yaron nan da sule ya cika masa ido ya ba ni tausayi tun a aji, ban san da dare zan ga irin haka a fuskar mahaifiyata ba.

Na ji nauyin saurin da na yi na ce mata "riga ce fa", kamar ina ƙaryata ta. Na sauke rigar na sa mata a hannu, ta daɗe tana shafa aikin wuyan kafin numfashinta ya daidaita.

Gobe zan roƙi Yaya ya sayo mana fitilar sola a kafa a tsakar gida. Yau dai na shimfiɗa tabarmata a ɗakinta. Sau biyu tana tambayata ko an rufe ƙofar zaure, a na biyun na tashi na zare sakatar, na sake tura ta da ƙarfi don ta ji ƙarar da kunnenta.