Kwana Biyu a Bakin Tafkunan Kuza na Filato

A tsakiyar hunturu na bi yayana, wanda aikinsa awon ruwa ne, daga Jos zuwa Bukuru da Barikin Ladi, ƙasar da ta ɗara gaɓar teku da kimanin mita 1,200, inda sanyin asuba ke ƙandarar da yatsu. Tafkunan da muka je gani ramuka ne da kamfanonin Turawa suka bari bayan haƙar kuza da suka soma tun farkon ƙarni na 20, damina ta cika su, jama'a kuma suka mayar da su abin dogaro.

A tafkin farko mun tarar da injinan ban ruwa suna ruri, kabeji da karas da dankalin Turawa sun yi shar, mata na wanki, wani dattijo mai lambu kuma ya kamfaci ruwan ya sha a gabanmu. Ya ce, "Malam, dubi yadda yake garau, me za ku auna a ciki?" Yayana ya amsa masa da ladabi, "Baba, abin da muke tsoro ba ya gurɓata launin ruwa."

Da muka zauna ya yi mana bayani cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade dalma a ruwan sha kada ta wuce miligiram 0.01 a lita guda, kuma tafasawa tana kashe ƙwayoyin taifot da kwalara, amma ba ta fitar da dalma. Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin ban manta da yara fiye da 400 da gubar dalma ta hallaka a Zamfara a 2010 ba. Akwai kuma tarin yashin da mahaƙa suka zubar a gefen ramukan, wanda wasu ma'adinansa ke fitar da tururin nukiliya, ga ragowar taki da maganin feshi da ke komawa tafkin daga lambuna.

A ganina kuskure ne a yanke wa tafkunan hukunci ɗaya. Wani zai dace da ban ruwa amma bai dace da sha ba, kuma awon rani ba ya wakiltar na damina, saboda haka kowanne sai an auna shi sau da dama.

Washegari muka cika kwalabe, muka rubuta wuri da lokaci a jikin kowace, muka jera su cikin ƙanƙara. Dattijon ya raka mu har mota, ya roƙi a kawo masa sakamakon da Hausa, domin jikokinsa ma ruwan suke sha.