Sunan da ke cikin rajista shi takardar haraji ke bi

Yawancin cinikin fili ko gida a garuruwanmu a zaure yake ƙarewa. Dillali ya haɗa mai saye da mai sayarwa, a yi sallama, a ba da kafin alƙalami, ranar cikon kuɗi a rubuta takardar ciniki, shaidu biyu daga kowane ɓangare su sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi, dillali ya karɓi la'adarsa, a shafa fatiha. A wajen jama'a da kuma a shari'ar Musulunci ciniki ya faɗa. Amma a wajen gwamnati, gidan yana nan a hannun mai shi na farko, kuma da sunansa za a ci gaba da rubuta kuɗin ƙasa, wato kuɗin da gwamnatin jiha ke karɓa a kan fili, duk shekara, ko da ya shekara 20 da rasuwa.

Asalin wannan yana cikin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa, aka kuma ɗaure ta a cikin tsarin mulki ta yadda gyara ta sai an bi hanyar gyaran tsarin mulkin kansa. Sashe na 1 ya damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama ne da amfani, galibi na shekara 99 idan wurin zama ne. A cikin birni gwamna ke bayarwa, a karkara ƙaramar hukuma, wadda ita ma sashe na 6 ya yi mata iyaka: ba za ta ba mutum ɗaya fiye da hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo ba sai da yardar gwamna. Ga Arewa wannan ba baƙon abu ba ne, domin dokar Turawa ta 1910 da Dokar Mallakar Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 duk a kan wannan turbar suke. Tun kafin su ma akwai kuɗin ƙasa a masarautar Kano, kuma zamanin En'e malaman taki sun riƙa auna gonaki da ƙafa suna rubuta sunan mai gona don a yanka masa haraji. Na'ura ce kawai ta canji igiya da taki.

Sashe na 22 shi ne wanda ya fi cin mutane. Ya ce mai riƙe da takardar gwamna ba zai sayar, ko ya jinginar, ko ya miƙa wa wani ba sai ya samu amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da aka yi ba bisa ƙa'idar dokar ba, banza ne. Kotun Ƙoli a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989 ta tabbatar da cewa har wanda ya mallaki gidansa tun kafin 1978 wannan sharaɗin ya hau kansa. A lura da wanda doka ta ɗora wa nauyin: mai sayarwa ne zai nemi amincewar. Shi ya sa mai saye mai wayo ba ya sakin ragowar kuɗi sai mai sayarwa ya sa hannu a takardar neman amincewa da duk kwafin takardar miƙa mallaka a zama ɗaya. In kuɗi ya riga ya shiga aljihu, neman sa hannu ya zama roƙo, in kuma mutumin ya rasu ya zama zaman jiran magada.

Tun kafin a kai ga sa hannu, ana fara bincike a ma'aikatar ƙasa da safiyo, ko hukumar da ke riƙe da bayanan ƙasa a kwamfuta: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Ana rubuta takarda da lambar fayil, a biya kuɗin bincike, a samu rahoto a rubuce. Abubuwan da ake dubawa su ne sunan da ke kan fayil, ko an jinginar da wurin a banki, ko akwai umarnin kotu ko ƙorafin wani a kai, ko an taɓa soke takardar, me aka ba da wurin a yi da shi, da kuma shekara nawa ake bin kuɗin ƙasa. Wannan na ƙarshen mutane kan raina shi, alhali bashin yana bin filin ne. Duk wanda ya zo canja suna shi za a miƙa wa lissafin.

Daga nan sai a je wurin da safiyo. Takardar taswira tana ɗauke da lambobin turakun siminti da ke kusurwoyin fili, da tsawon kowane gefe a mita, da faɗin wurin gaba ɗaya. Fuloti mai ƙafa 50 a 100 yana kama murabba'in mita 465, ɗan ƙasa kaɗan. Safiyo zai nemo turakun a ƙasa ya gwada su da abin da ke rubuce. Nan ake gano maƙwabci ya ci mita ɗaya da katanga, ko fulotin da aka nuna wa mai saye ba shi ne mai lambar da ke takarda ba, abin da ya zama ruwan dare a sabbin unguwanni inda filaye suka yi kama da juna kamar ƙwai. Faɗin nan yana da muhimmanci ga haraji, domin da shi ake lissafin kuɗin ƙasa.

Takardar miƙa mallaka lauya ke rubuta ta, da Turanci. Dole ta faɗi cikakken suna da adireshin kowane ɓangare, asalin mallakar mai sayarwa (lambar takardarsa, ranar da aka ba shi, da lambar rajistarta), kuɗin da aka yi ciniki a kai, bayanin wurin daidai da taswira, da ragowar shekarun da ake miƙawa. Mutane da yawa ba su san wannan ba: wanda ya sayi gidan da aka ba da takardarsa a 1985, ragowar shekara 99 ɗin ya saya, lissafi ba ya komawa farko. Idan mai sayarwa ba ya karatun Turanci, dole a rubuta a ƙasan takardar cewa an karanta masa an fassara masa da Hausa ya gane kafin ya dangwala yatsa, tafintan kuma ya sa sunansa da hannunsa. Rashin wannan layin ya isa a tayar da rigima a kotu bayan shekaru. Haka nan suna ya zo iri ɗaya a ko'ina. Muhammad a takardar mallaka, Mohammed a katin shaida, Mamman a takardar ciniki, wannan kaɗai kan tsayar da fayil wata da watanni har sai an je kotu an yi rantsuwa. Masu saya wa yara su kuma su tuna sashe na 7 ya hana a ba wanda bai kai shekara 21 ba takarda kai tsaye, sai ta hannun waliyyi ko ta hanyar gado.

Bayan an shigar da takardun tare da kwafin takardar mallaka, hotuna, shaidar biyan haraji ta shekara 3, da rasit ɗin kuɗin ƙasa, ma'aikata za ta turo jami'in ƙiyasi ya ga wurin. A nan ne dabarar da aka saba yi take rushewa. Ana sayen gida naira miliyan 30 a rubuta miliyan 10 a takarda don a rage kuɗin gwamnati. Jami'in ba ya aiki da abin da aka rubuta in ya ga bai yi daidai da farashin unguwar ba, nasa ƙiyasin zai ɗora. Sannan mai saye ya cuci kansa: ranar da ciniki ya warware, abin da takarda ta ce ya biya shi zai iya nema cikin sauƙi, ranar da kuma zai sayar, ribar da za a lissafa masa ta kumbura tunda a rubuce da araha ya saya.

A kan ƙiyasin ake yanka kuɗaɗe huɗu: na amincewar gwamna, na kan sarki, na rajista, da harajin ribar sayar da kadara, wanda a ƙa'ida mai sayarwa ne ke biya, ko da yake a aikace sau da yawa mai saye ake bar wa. Kason kowanne ya bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma ana sauya shi, don haka a karɓi jadawalin ma'aikata na wannan shekarar. Harajin ribar ya daɗe a kan kashi 10 cikin 100, amma sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, ta fara aiki a Janairun 2026, ta sake masa tsari. Kuɗin kan sarki idan ciniki tsakanin mutum da mutum ne hukumar haraji ta jiha ke karɓa, idan da kamfani a ciki ta tarayya ce. Duk biyan a yi shi a banki da lambar biya ta gwamnati. Rasit ɗin da wani ya rubuta da hannu a gindin bishiyar ofis ba ya shiga fayil.

Idan gwamna, ko kwamishinan da ya wakilta, ya sa hannu, aka buga kan sarki, sai rajista. Magatakarda zai ba takardar lamba uku: lambarta, shafi, da kundi, misali lamba 42 a shafi na 42 a kundi na 15, da rana da sa'ar da aka shigar. Kwafi ɗaya ya zauna a rajista, sauran a mayar wa mai saye. Ranar nan ita ce makami idan an sayar wa mutum biyu fili ɗaya, domin a tsakanin takardu biyu masu inganci, wadda ta riga shiga rajista ita ke gaba. Takardar wakilci da wasu ke karɓa a maimakon wannan duka, don gudun kashe kuɗi, izini ne kawai na yin abu a madadin mai fili. Ba ta mayar da mallaka.

To ina haraji ya shigo? Akwai littattafai biyu, a ofisoshi biyu, kuma ba kasafai suke magana da juna ba. Na farko na jiha ne, na kuɗin ƙasa. Lissafinsa faɗin fili sau farashin murabba'in mita na wannan yanki da wannan amfani. A ce, don misali kawai, naira 20 ne: fuloti mai mita 465 zai biya 9,300 a shekara, shekara 10 ba a biya ba ya zama 93,000 kafin a ɗora tara. Kuɗin ba yawa, shi ya sa ake mantawa da shi, amma sashe na 28 ya ba gwamna damar soke takarda idan an saɓa sharuɗɗanta, biyan kuɗin ƙasa kuwa yana cikinsu. A Maris ɗin 2025 hukumar Abuja ta sanar da soke takardu fiye da 4,000 saboda bashin da ya haura shekara 10. Sanarwar biya da ta soke takarda duk suna tafiya ne zuwa suna da adireshin da ke fayil. Wanda ya saya bai canja suna ba, ba shi za a aika wa ba.

Littafi na biyu na ƙaramar hukuma ne, na harajin gine-gine. Jadawali na 4 na tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi aikin ƙiyasta gidaje masu zaman kansu don karɓar harajin da majalisar jiha ta tsara. Wannan a kan ginin yake, ana duba darajarsa ko kuɗin hayar da zai iya kawowa a shekara. Ma'aikatan kuɗin shiga kan bi layi-layi su rubuta lambar gida, sunan mai shi kamar yadda suka ji a bakin maƙwabta ko mai unguwa, yawan ɗakuna ko shaguna, da abin da ake yi a ciki. Rajistar da aka yi a ma'aikatar ƙasa ba ta zuwa nan da ƙafarta. Mai saye ne zai ɗauki kwafin takardarsa mai lambar rajista ya kai sashen kuɗin shiga, ya nemi a sauya suna, ya kuma karɓi shaidar cewa ba a bin gidan bashi. Legas tun 2001 ta haɗa kuɗin ƙasa da harajin gine-gine cikin takardar biya ɗaya, wanda a ganina ya fi sauƙi ga mai biya, ko da yake ƙananan hukumomi ba sa son a raba su da abin da suke karɓa da hannunsu.

Filin awon igiya, wanda mai gona ya yanka ya sayar ba tare da tsarin gwamnati ba, ba shi da fayil kwata-kwata, don haka babu abin da za a canja wa suna. Hanyarsa ita ce a nemi a shigar da shi cikin tsarin gwamnati: takardun ciniki daga mai gona har zuwa mai riƙe da shi yanzu ba tare da giɓi ba, shaidar dagaci da hakimi, awon safiyo, da rahoton hukumar tsara birni, KNUPDA a Kano, cewa wurin bai faɗa kan hanya, magudanar ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki ba. Idan filin ya shiga tsarin gwamnati, shi ma kuɗin ƙasa ya hau kansa.

Gado kuma shi ne inda fayiloli suka fi kwanciya. Kotun shari'a ta raba, ta ba kowane magaji takardar rabonsa, kowa ya ja katanga a nasa, amma fayil ɗaya ne da sunan marigayi. Idan ɗaya daga cikinsu ya tashi sayar da kasonsa, ba za a yi masa rajista ba sai an kai takardar kotu ma'aikata, an yi wa kowane yanki sabon awo da sabuwar lambar fayil, an kuma biya duk bashin tsohon fayil ɗin, wanda galibi mai gaggawar sayarwar ne ke ƙarewa da biya shi kaɗai. Idan ma ba a riga an raba ba, mai saye ya tabbatar sauran magada sun sa hannu sun yafe haƙƙinsu na shufa'a, domin a mazhabar Malikiyya abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da ikon mayar wa baƙo kuɗinsa ya karɓi kason.