Bokiti da agogo kafin a ɗaura hita

Sana'ata haɗa famfo da ɗaura hitar wanka a gidaje da ƙananan masaukan baƙi a Jos, ni da yaran shagona. Hunturu ne ke buɗe mana kasuwa, shi ne kuma ke kawo ƙorafi: an sayi hita irin wadda ke ɗumama ruwa yana wucewa, amma ruwan ya ƙi zafi. Yawanci hitar lafiyarta ƙalau, gudun ruwan ne ya fi ƙarfinta.

Shi ya sa ba na ɗaura hita sai na tara bokiti mai lita 10 a ƙarƙashin shawa, na buɗe famfo duka, ina kallon agogon wayata. In ya cika a daƙiƙa 100, lita 6 ke nan a minti ɗaya.

Kowace lita ta ruwa tana buƙatar kusan kilojul (ma'aunin makamashi) 4.2 kafin zafinta ya hau digiri ɗaya. Daga nan lissafinmu ya fito: a ninka kilowat ɗin hita da 14.3, a raba da litar da ke zuba a minti ɗaya, a samu digirin da za ta ƙara wa ruwan. Hita mai kilowat 3.5 a kan lita 6 ba za ta ƙara fiye da digiri 8 da ɗan kai ba. A ce ruwan ya kwana a tanki ya sauka zuwa digiri 18, to 26 zai taɓa jikin mutum, da asubar hunturu! Kafin ya kai 40 a wannan gudun sai kilowat 9 da ɗoriya, wato wajen amfiya 40 (ma'aunin wutar da ke bi ta waya). Siririyar waya ba za ta ɗauka ba, balle ƙaramin janareta.

Ga kuma raunin wuta, wanda masu gida ba sa sawa a lissafi. In ta faɗo daga bolt 230 zuwa 180, ƙarfin hitar yakan koma kusan kashi 61 cikin 100, mai 3.5 ta zama mai 2.1.

Ni dai gaskiya nake gaya wa mai gida ko da cinikin zai wuce ni: “Alhaji, ko dai a rage gudun ruwan zuwa lita 3 a samu ƙarin kusan digiri 17, ko a sa hita mai tankinta na ajiye ruwan zafi.” Mai tanki ta lita 50 da kilowat 1.5 takan kai ruwan daga 18 zuwa 60 cikin kusan minti 100, kuma ko an ɗauke wuta da safe, ruwan zafin yana nan.