Yadda ƙ da ɗ suka cinye mana kuɗin mujalla

Aikin da aka ba mu a zangon karatun da ya wuce shi ne kowane rukuni ya fitar da mujalla guda, tun daga tunani har ɗab'i, a kawo wa malami ita a hannu. Mu biyar muka zaɓi kiɗa da waƙa, muka kuma ce da Hausa za mu yi ta, tunda a Zariya muke. Ni aka ɗora wa edita. Zancen zaɓen suna da gardamar hoton wa za a sa a gaba ba sai na ɓata muku lokaci da shi ba, duk wanda ya taɓa aikin rukuni ya san yadda ake ƙarewa. Abin da har yau yake sosa mini rai shi ne shafukan ciki.

Bangon ya fito tsaf, mai kakaki ya ɗaga shi sama, jan rawaninsa kamar ka taɓa. Muka cika wa mai ɗab'i ragowar kuɗinsa a Sabon Gari, muka rungumo kwali muka shiga motar Samaru muna ta washe baki. Ba mu kai Kwangila ba ɗaya daga cikinmu ta buɗe tsakiyar mujallar, ta yi salati. Kanun labarin da muka fi shan wahala a kansa, wanda ya kamata ya ce "Kaɗe-kaɗen fada a ƙasar Zazzau", ga abin da ke kwance a takarda: "Ka]e-ka]en fada a }asar Zazzau". Duk inda ɗ take ta koma ], ƙ ta koma }, ɓ ta koma ~. Marigayi Musa Ɗanƙwairo ya zama [an}wairo. Duk shafuka 24 ɗin, in ka cire bango, babu wanda ya tsira. Ashe bangon nan kyan ɗan maciji ne.

Wanda ya saba karanta tsofaffin rubuce-rubucen Hausa a intanet ya sha ganin irin wannan. Asalinsa salon haruffan Rabi'at ne, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙira tun lokacin da kwamfuta ba ta san da zaman baƙaƙenmu masu ƙugiya ba. Dabarar ita ce an ari gurbin wasu alamomin da ba a cika amfani da su ba, aka zana ƙ da ɗ da ɓ a wurinsu. Muddin kwamfutarka na da Rabi'at, ƙ za ka gani. Kwamfutar kuwa a cikinta } ta ajiye. Salon ya yi wa marubuta da ɗaliban Hausa rana ƙwarai, har yau shagunan buga takardu da yawa da shi suke aiki, kuma a irin shagon ne mai tsara mana shafuka ya koyi sana'a. A kwamfutarsa komai lafiya lau. Aka ɗauki fayil ɗin CorelDRAW, manhajar da ya tsara shafukan da ita, ɗanye a filashi aka kai gidan ɗab'i, su kuma ba su da Rabi'at. Rubutun bango ya tsira ne kawai don an riga an mayar da shi zane kafin a tafi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, CorelDRAW ba ya yin wannan musanya a ɓoye. Idan ya buɗe fayil bai sami salon haruffan da aka yi aiki da shi ba, sai ya fito da sanarwa yana tambaya ko a maye da wani. Wato akwai wanda ya ga tambayar nan ya danna "to" ya wuce abinsa. Yaron da ke kan injin ba ya karanta Hausa, na yi masa uzuri. Amma mai gidan Bahaushe ne, da hannunsa ya ninke takardun ya buga musu ƙusa.

Da muka koma na ce, "Alhaji, don Allah ba ka lura da rubutun ba ne?"

Ko kallon mujallar bai yi ba. "Samari, abin da kuka kawo shi na buga. Ni ina na san ba sabon yayi ba ne na 'yan jami'a?"

Sabon yayi! A garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, garin da Abubakar Imam ya zauna yana gyara rubutun Hausa shekara da shekaru, inda aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Su kansu baƙaƙen masu ƙugiyar ta hannun Hukumar Talifi ta nan Zariya suka samu gindin zama a ɗab'i, a shekarun 1930, zamanin Rupert East. Ban faɗa masa duk wannan ba, don a lokacin bakina rawa yake. Iyakar rangwamen da ya yi shi ne ya bar mana bangon, muka sake biyan kuɗin takarda da na bugun ciki gaba ɗaya. Karo-karo na biyu ya fi na farko ciwo, har da wanda sai da ya kira gida.

Gyaran kansa ba wani abu ba ne, shi ya sa abin ke ƙara ba ni haushi. Ka kwashe rubutun ka kai Word, ka sa a nemo kowace } a maye ta da ƙ ta ainihi, haka ] da ~, sannan manyan baƙaƙe su ma daban. Ka dai yi hankali idan a rubutun akwai baka mai kusurwa ta gaskiya, irin wadda ake sa wa bayanin edita a cikin baitin waƙa, don ita ma za ta rikiɗe ta zama ɗ. Daga nan ka zaɓi salon haruffan da ke ɗauke da baƙaƙen Hausa a gurbinsu na duniya, kamar Charis SIL ko Noto ko Times New Roman na yanzu. Yawancin salon ado da ake saukewa kyauta don kanun labari ba su da ƙugiya ko ɗaya, saboda haka kafin ka ƙyasa wani, rubuta "ƙaɓaɗa" da shi ka gani, in ya ba ka akwati ka rabu da shi. Kada kuma ka yarda ka kai wa mai ɗab'i ɗanyen fayil. Ko dai ka fitar da PDF da haruffan a cikinsa, ko ka zaɓe rubutun duka ka danna Ctrl da Q ya zama zane, bayan ka ajiye kwafin da za ka iya gyarawa. Ka buɗe PDF ɗin a wayar wani. Sannan ka tsaya a kansu su fitar maka da kwafi ɗaya na gwaji, ka zauna a bencinsu ka karanta shi shafi-shafi, ko da suna ta tsaki.

Ba wannan kaɗai na koya ba, ko da yake shi ne ya fi tsada. Hira da makaɗan fada ta koya mini abin da ba a rubuta mana a allo ba. Wani abokin karatunmu ɗan cikin birni, wajen Babban Dodo, shi ya yi mana hanya gun wani dattijo makaɗi. Na shiga da tambayoyi a jere a takarda, na gaisa a gurguje na zaro waya. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ajiye takardar nan tukuna. Kai ɗan wane gida ne?" Sai da muka zaga dangi kaf, aka ci goro, sannan na ce, "Baba, ko za ka yarda in ɗauki muryarka?" Mafi daɗin abin da ya faɗa bai zo ta kan ko ɗaya daga tambayoyina ba. Shi ne kuma ya hana mu jin kunya a bayanin hoto. Mun rubuta kalangu a ƙarƙashin wata ganga, ya girgiza kai ya ce jauje ce, ta sarauta, ta fi kalangu girma, kalangu kuwa asali na mahauta ne. Kotso fuska ɗaya gare shi, ba biyu ba. Daga baya wani malami ya ara mana ƙamus ɗin kayan kiɗan Hausa na David Ames da Anthony King na 1971, wanda Ames ya yi wani ɓangare na bincikensa a nan Zariya, muka bi sauran hotunan ɗaya bayan ɗaya.

Juyar da kirari daga murya zuwa takarda shi ma aiki ne mai cin rai. Ka saurari baiti ka maimaita har kunnenka ya gaji, ka koma gun dattijo ya warware maka sunan wani basarake da aka haɗiye a cikin kiɗa. To ku duba, baitocin nan da na bi harafi-harafi, su ne suka fito cike da ] da }. Da ma a ce wani labarin cike gurbi ne.

Mun yi shafin tunawa da manya: Mamman Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988 ya kuma rasu a 1999, Barmani Choge mai amada da ta rasu a 2013, da Ɗanmaraya Jos mai kuntigi a 2015. A nan na koyi yanka rubutu ba tausayi, don mujallar da ake ninkewa a buga mata ƙusa a tsaka dole yawan shafukanta ya rabu gida huɗu daidai, kowace takarda ɗaya shafi huɗu take bayarwa. Mun tashi da 26, ko mu ƙara biyu ko mu rage biyu, aljihu ya ce a rage. Labarin mawaƙan zamani na situdiyo shi ya sha wuƙa, marubuciyarsa ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata. Hotunan da mawaƙa suka turo ta WhatsApp kuwa mun watsar da su tun da wuri, don manhajar na matse hoto, a waya ya yi kyau a takarda ya dushe. Duk wanda zai turo mun ce ya turo a matsayin fayil, sauran muka ɗauka da kanmu. A kan hoto an yi mana kashedi a aji tun makon farko. A kan ƙugiya kuwa ba wanda ya taɓa ɗaga zancen, wataƙila don yawancin rukunoni da Turanci suke yi.

Bugu na biyu ya fito daidai, na karanta kwafin gwajin a tsaye a bakin injin, Alhaji na ta duba agogo. Makin da muka samu ba laifi. Labarin kuma ya bazu a sashe, yanzu 'yan ajin da ke bayanmu da masu rubuta kundin digiri da Hausa suna kawo mini fayil in duba musu kafin su kai ɗab'i. Na farko-farko kyauta na yi. Yanzu ina karɓar na kati, kuma ban kai ga mayar da abin da na zuba a karo-karo na biyu ba tukuna.