Storrs, Ƙauyen Shanu da Ƙwallon Kwando

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Connecticut, wadda ake kira UConn, shi ya matsa sai na leƙo shi kafin in bar Amurka. Na hau bas daga New York zuwa Hartford, ya tare ni da wata tsohuwar motar abokinsa. Tsakiyar hunturu ne, ƙanƙara jibge a gefen titi. Muna sauka daga babbar hanya sai daji da gidajen katako jefi-jefi. Na ce, "Kai, anya ba ɓata muka yi ba?" Ya ce, "Haba Kawu, ai mun ma iso."

Storrs, inda jami'ar take, ƙauye ne, ba wani kwana-kwana. Makarantar koyon noma aka kafa a wurin a 1881, kuma har yau jami'ar na kiwon shanu. Da madararsu ake yin askirim ɗin da ake sayarwa a Dairy Bar, na kuwa tarar da mutane a layi cikin wannan sanyi mai ratsa ƙashi. Ni dai shayi na nema.

Da yamma muka nufi Gampel Pavilion, zauren wasa mai rufin ƙubba da aka buɗe a 1990, yana cin mutum kusan 10,000. Wasan ƙwallon kwando na mata za a yi. Tun daga ƙofa ake jin ganguna da ƙahonnin ɗalibai. Abin da ya fara ɗaukar idona shi ne 'yan kallon: tsofaffi mata da miji riƙe da hannun jikoki, 'yan mata ƙanana sanye da riguna masu lambar gwanayensu, ɗalibai kuma a tsaye, ba mai niyyar zama. Ga karen da yake alamar ƙungiyarsu, mai farin gashi a fuska, Jonathan, ana ta ɗaukar hoto da shi. Wata dattijuwa da ke gefena ta ce tun zamanin gwanar 'yar wasansu Rebecca Lobo take zuwa, wato 1995, shekarar da matan suka ci kofin ƙasa na jami'o'i karo na farko, wasa 35 ba a doke su ko sau ɗaya ba.

Da aka fara, ba a cika ganin masu tsalle suna danna ƙwallo cikin kwando kamar a wasan maza ba. Miƙa ƙwallo ne sana'arsu. Kafin ka gane wa ke riƙe da ita ta bi hannu huɗu, wata ta ɓulla a ƙarƙashin kwando ba mai tsaronta. Takalma na ta ƙara a kan katako. Geno Auriemma, kocin da aka haifa a Italiya, wanda ke riƙe da ƙungiyar tun 1985, yana bakin layi fuska a murtuke ko da suna kan gaba. A hannunsa Diana Taurasi da Maya Moore da Breanna Stewart suka fito. Zuwa 2025 matan sun ci kofin ƙasa 12, sun kuma taɓa jera nasara 111 kafin jami'ar Mississippi State ta tsayar da su a 2017.

Mazan ma ba baya ba. Koci Jim Calhoun ya karɓe su a 1986, ya kai su ga kofin farko a 1999 bayan sun kayar da jami'ar Duke. Sun ƙara a 2004 da 2011 da 2014, sannan Dan Hurley ya ci biyu a jere, 2023 da 2024. A 2004 da 2014 maza da mata duk suka ɗauko kofi a shekara guda, abin da babu wata jami'a a babban rukuni da ta taɓa yi. Gwarzon 2004 Emeka Okafor ne, iyayensa 'yan Najeriya. Na 2023 kuwa Adama Sanogo ne daga Bamako, wanda gasar ta riske shi cikin Ramadan kuma bai ajiye azumi ba. Ɗan ƙanwata yana ba da labarinsa kamar gidansu ɗaya.

A mota muka yi musu. Shi ya ce dokar Title IX ta 1972, wadda ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya, ita ta kai matan nan inda suke. Ban ƙi ba, amma dokar ta hau kan kusan kowace jami'a a Amurka, kuma ba ko'ina zaure ke cika don wasan mata ba. Doka za ta sa a ba su fili da kuɗin karatu, ba za ta fito da tsohuwa daga ɗaki cikin ƙanƙara ba. Cin wasa shekara da shekaru ne ya yi wannan. Ya ce, "To Kawu, ba don filin ba, a ina za su ci wasan?" Muka bar ta a haka.

Wasan maza ban same shi ba, sun yi tafiya a makon. Washegari muka kama hanyar Springfield a jihar Massachusetts, tafiyar kusan awa guda, garin da James Naismith ya ƙirƙiro wasan a 1891.