Inda na kwana kan sansar fulaiwil, haƙori 36 ban da ɗaya

'Yan uwa masu fama da tsofaffin motoci irina, barkanmu da aiki. Kun ji ni shiru kwana biyu, ba ajiye aikin sa wa fulaiwil (babban faifan ƙarfen da ke bayan inji) zoben haƙora da sansa don su maye gurbin distiributa wajen ba da wutar fulogi na yi ba, giyabos ne ya kwana a ƙasa kusan sati uku kuma ban so in rubuta komai ba sai na ga wuta da idona a bakin fulogi. To jiya motar ta tashi, kuma ta tashi a bugu ɗaya, shi ya sa na ce bari in zauna in zayyana muku yadda abin ya gudana tun ban manta ƙananan abubuwan ba, don su ne suka fi cin lokaci.

Motar dai ita ce Cortina ɗin nan ta 1974 mai injin Pinto, silinda 4. Abin da ya kai ni ga wannan aiki ba gajiya da canjin kwantak ba ne kawai, sandar distiributa ce ta yi sako-sako saboda shekaru, in ka haska fitilar taimin, wadda ke nuna lokacin da wuta ke zuwa, sai ka ga alamar tana rawa gaba da baya kamar digiri 4 ko 5, ka saita yau gobe ta koma wani wuri. Da farko na yi tunanin sa ƴar na'urar nan da ake cusawa cikin distiributa a madadin kwantak, amma da na yi nazari sai na ga ai ita ma daga wannan sandar mai rawa za ta riƙa karantawa, an kashe maciji ba a sare kansa ba kenan. Gara a karanta daga karanshaf kai tsaye.

Yawancin mutane gaba suke sa zoben haƙoran da sansar, a kan fulin karanshaf, kuma wallahi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ni na zaɓi fulaiwil ne don dama kuloci na neman canji, giyabos zai sauka ko ana so ko ba a so, sannan ina so in an buɗe bonet a ga inji kamar yadda yake a da. Ga kuma girma. Zoben da aka yanko min faɗinsa milimita 270 ne, kewayensa ya kama 848, in ka raba da 360 kowane digiri ɗaya kusan milimita 2.4 kenan, alhali a ƙaramin faifan fuli digiri ɗaya bai wuce milimita ɗaya da ɗoriya ba. Hannunka na ɗan gocewa a ƙaramin faifai ka yi asarar digiri, a babba kuwa kana da sarari.

Ga wanda bai riga ya shiga wannan harka ba, tsarin da nake amfani da shi na Ford ne mai suna EDIS, wanda suka sa a motocinsu na shekarun 1990, sai akwatin Megajolt da ke gaya masa lokacin da zai ba da wuta. Zoben yana da gurbin haƙori 36, kowanne digiri 10, sai aka cire guda ɗaya ya zama giɓi. Sansa kuwa maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar waya, duk haƙorin da ya gifta ta gabanta sai ta haifar da ƴar wuta, in giɓin ya zo sai a samu ɗan jinkiri, da wannan jinkirin na'urar EDIS ke gane an zagayo. Kwayil biyu ne a haɗe, ɗaya na silinda 1 da 4 ɗaya na 2 da 3, kowanne yana harba fulogi biyu lokaci guda, ɗaya wutar ta yi aiki ɗayar ta faɗa cikin hayaƙin da ke fita ba ta ƙona komai.

Abin da nake so ku riƙe shi ne sansa ba ta ganin fistin. Sam. Haƙora take ƙirgawa daga giɓi, in ka ɗaura zoben a karkace za ta yi ta ba da rahoton karkataccen wuri har abada kuma ba za ta taɓa yin ƙorafi ba. Shi ya sa na kashe yini guda cur a kan neman ainihin TDC, wato daidai inda fistin na 1 ke kaiwa ƙarshen sama, ban yarda da tsohuwar alamar fuli ba. Na ɗauki tsohon fulogi na fasa farin tangaran ɗin na zura dogon noti a ciki ya leƙo ta ƙasa, na cire kan batir, na fitar da sauran fulogai don inji ya yi sauƙin juyawa, sannan na ɗaura wannan a silinda ta 1. Na kafa wata ƴar waya mai kauri a jikin bulok tana nuna bakin fulaiwil. Sai ka juya inji da hannu a hankali har fistin ya dungure notin ya tsaya, ka yi alama, ka juya ta ɗaya ɓangaren har ya sake tsayawa, ka yi alama ta biyu, tsakiyar alamomin nan biyu ita ce TDC ta gaskiya. Da hannu fa na ce, a hankali, kada wani ya kuskura ya taɓa kik, kuma in ka ji ya cije tun da wuri ka dakata ka duba kada bawul ne ya taɓa notin. Na maimaita sau uku har alamomin suka faɗa wuri ɗaya. Da na leƙa gaba sai na tarar tsohuwar alamar ta kauce da kusan digiri 2, nan take na yi sabuwa a kan fuli da farin fenti don da ita zan haska daga baya.

Sai batun ina giɓin zai zauna. A EDIS na silinda 4, in fistin na 1 yana TDC to giɓin ya riga ya wuce sansa da digiri 90, wato sansa tana kallon haƙori na 9 bayan giɓi. Na silinda 6 haƙori na 6 ne, na 8 kuma na 5. A nan fa akwai tarko, kuma saura ƙiris in faɗa. Mun saba tsayawa a gaban inji muna ganin yana juyawa irin na agogo, to in ka koma baya wajen fulaiwil kishiyar haka za ka gani. Na riga na ƙirga tara ta ɓangaren da ba shi ba har na yi alama da alli, Allah ya taimake ni na ce bari in juya inji in ga ko giɓin zai riga TDC isowa, sai na ga yana zuwa daga baya. Ku zana kibiya a jikin fulaiwil ɗin tun kafin ku cire shi, ba zai ci muku minti ɗaya ba.

Mai injin sassaƙar ƙarfe ya fitar min da ɗan mataki a gefen fulaiwil inda zoben zai zauna daram, aka ɗaure da ƙananan noti 6 da gam ɗin kulle noti, na kuma sa aka bar tazarar kusan milimita 10 tsakaninsa da haƙoran da kik ke kamawa don kada sansa ta riƙa jin su su ma. Bayan nan aka yi wa fulaiwil da faifan kuloci balans tare. Wannan kada a yi rowarsa, ƙarfe ne mai nauyi da ke zagaye dubu biyar ko shida a minti kusa da ƙafarka.

Na yi ta jinjina ko in sa sansar ta fuskanci bayan fulaiwil kamar yadda take a injin Zetec, ko ta leƙo daga gefe ta kan haƙoran. Na zaɓi gefe saboda karanshaf yana da ɗan wasa gaba da baya, a tsohon inji wasan ya fi yawa, duk sanda ka taka kuloci sai ya ture shi, in sansa na fuskantar baya tazarar za ta riƙa canzawa, daga gefe kuwa babu ruwanta. Na huda ƙoƙon giyabos ta ɓangaren da ke nesa da kik, domin kik in yana jan wuta yana iya rikita siginar, kuma a daidai lokacin ne siginar ta fi rauni tunda inji a hankali yake juyawa. Biraket ɗin farko na falle mai kauri milimita 2 na yi, na sa babban yatsa na danna na ga ya lanƙwasa, na jefar. Na biyu milimita 6 ne, noti biyu, da dogon rami yadda zan iya zame sansar gaba ko baya.

Tazara tsakanin bakin sansa da haƙori kusan milimita 1 na ba ta. Tunda fila gej, ƙarfen auna tazara, ba ya shiga can ciki, sai na manna ɗan kwali mai wannan kaurin a bakinta, na juya inji har haƙori ya zo saitin ramin, haƙori fa ba giɓi ba, na tura ta har ta taɓa na ƙulle, sannan na zaro ta na ɓanɓare kwalin na mayar.

Ranar gwaji na murza makulli inji na ta juyawa babu wuta ko ƙyas. Na auna sansar da mita tana da rai, wutar 12 na isa na'ura, sai na tuna irin wannan sansar mai waya biyu tana da gaba da baya, in ka juya wayoyin siginar ma juyewa take yi sai na'ura ta kasa gane giɓin. Na musanya su, wuta ta zo shuɗiya shar. Wayar kuma mai rigar raga ce, ragar a kai ɗaya kaɗai na haɗa ta da bodi, can wajen na'ura, na kuma bi da ita nesa da wayoyin fulogi da altaneta.

Gwajin da ya fi faranta min rai shi ne wannan. In ka cire wayar SAW, wadda Megajolt ke aika umarni ta cikinta, EDIS da kansa yana tsayar da wuta a digiri 10 kafin TDC ko da kuwa ka taka totur. Ka ga kenan fitilar taimin za ta faɗa maka gaskiyar inda zobenka yake. Nawa ya nuna 13. Ana iya rage ukun nan a manhajar Megajolt, amma ni ban so ba, don ranar da akwatin ya samu matsala a hanya a kan wannan goman motar za ta kawo ni gida, ina so ya zama goma na gaske. Digiri 3 a zobena kusan milimita 7 ne, sai na sassauta biraket na zame sansar ta inda fulaiwil ke dosa don haƙoran su ɗan makara kafin su iso ta, na sake duba tazara, na haska. Goma daidai, kuma alamar tsaye take cak kamar an buga ƙusa, a silo da kuma a dubu uku duk wuri ɗaya. Na daɗe ina kallonta.

Distiributa tana nan a wurinta ban cire ba, kuma ku ma ku bincika naku injin kafin ku zare, a Pinto da wasu injuna da dama ita ce ke juya famfon baƙin mai ta ƙasa, ka zare ta ka tada inji ba mai sai nokin. Yanzu abin da ya rage min, agogon juyin inji na dashbod bai motsi tunda tsohon kwayil yake saurare, sai kuma in jawo siririn tiyo daga manifol zuwa Megajolt don ya san nauyin da ke kan inji, in ɗora taswirar wuta, wato jadawalin lokutan ba da wuta, mai sassauci da ta yi kama da ta tsohuwar distiributa tukuna. Bayan tafiyar kilomita 100 ta farko in sha Allah zan zaro sansar in duba bakinta, maganaɗisu ne, ina so in ga yawan garin ƙarfen da sabon kulocin zai tara mata.