Injin da ban saya ba

Shagon ɗinkina yana Fagge, keke shida, yara takwas. Awo da yanka da haɗa riga duk a nan muke yi. Aikin wuya na kwamfuta kuwa, wanda muke ce wa monogiram, waje nake kai shi, kuma shi ya taɓa sa na ji kunyar da ban manta ba.

Azumin 2023 ne, saura kwana biyar sallah, kaya kala talatin na jama'a suna hannun mai injin. Kullum na tura yaro sai ya dawo da "gobe in Allah ya yarda". Ba mugunta yake yi mini ba, teloli ne jibge a layinsa, wuta kuma ba ta zama. Ranar jajibere wani dattijo da nake wa ɗinki tun ina yaron shago ya zo ya tarar da hannun rigarsa da wando a kan tebur, gaban rigar yana can. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ɗana, ni kai na ba wa shaddata, ban san wani mai inji ba." Na ce, "Gaskiya ne, Baba," na kasa haɗa ido da shi.

Ana gama sallah na ƙudura sai na sayi nawa injin. Ina cikin tambayar farashi aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, a Yuni kuma naira ta faɗi, ga injin daga waje ake shigo da shi. Sai na zauna da biro da takarda. Ashe kuɗin saye shi ne mai sauƙi. Akwai janareto, domin in wuta ta ɗauke ana tsakar aiki kan shaddar Getzner, gabanka sai ya faɗi. Akwai albashin mai zana fulawa a kwamfuta, akwai makaniki. Aikin shagona da zai ciyar da shi kuwa daga Sha'aban zuwa ƙaramar sallah ne, sai gabanin babbar sallah, sai bukukuwa jefi-jefi. Kafin ya mayar da kuɗinsa dole in riƙa karɓar kayan wasu teloli. Ka ga na tashi daga tela na koma mai monogiram, ni ma ina ce wa yaran mutane "gobe". Nan na ajiye biron.

Yanzu mutum biyu nake kai wa aiki, ina biyan rabin kuɗi tun kafin su fara, kuma daga goma ga azumi ba na karɓar kayan monogiram. Abin da na dawo da shi gida ƙanana ne masu tsayar da riga: ramin maɓalli da surfanin keke. Na sayi keken surfani na hannu, yaro guda ya yi wata shida yana koyo, yau shi ke fitar da mu a kwanakin ƙarshe.

Babbar riga mai aska takwas har gobe Zariya take zuwa, don wannan hannu ba a koyonsa a shekara ɗaya. Bugu ma na masu bugu ne. Almakashi dai ba ya fita daga shagon nan, saboda zaman riga a kafaɗa shi ke dawo da mutum wurina.

Bana wani ya kawo shadda kala huɗu ranar ashirin ga azumi, duk monogiram yake so. Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, sai dai surfanin keke." Ya bar biyu, ya tafi da biyu.